Katun ɗin Japan masu maganar daji da ruwa: wanda za a zaɓa da yadda za a haska shi

Da wuya ka shiga gida a Bauchi ko Gombe yau ba ka tarar da yaro ya duƙufa kan waya yana kallon katun ba. Kaso mai yawa na abin da suke kallon daga Japan ya fito, shi ne matasa ke kira anime, kuma galibinsa na faɗa ne da tsalle-tsalle, irin wanda masu tura finafinai ke zuba wa mutum a memori ba tare da sun duba ba. Amma a cikin wannan tulin akwai 'yan finafinai da aka yi su kacokan kan daji, kogi, ƙasar noma, da abin da hannun ɗan Adam ke yi musu. Waɗannan sun cancanci malamin firamare, ko malamar Islamiyya, ko shugaban matasan coci, ko uba a gidansa, ya nemo su da gangan. Sai dai zaɓen yana son sani, domin fim ɗin da zai buɗe tunanin ɗan shekara 15 yana iya hana ɗan shekara 6 barci.

Kafin komai, wanda zai haska fim ya kalle shi shi kaɗai daga farko har ƙarshe, da takarda da biro a hannu. A Japan zane ba na yara kaɗai ba ne. Akwai na zubar da jini, akwai ma na batsa tsagwaronta, kuma hoton da ke jikin fayil ba ya nuna bambancin. Ku rubuta minti nawa ne wurin da za a tsallake, da sunayen mutanen cikin labarin, da wurin da ya dace a tsaya a yi bayani. Alamar shekaru tana taimakawa: G ta kowa ce, PG sai da babba a kusa, PG-13 daga shekara 13, R da TV-MA kuwa ba na yara ba ne sam. Amma da ma'aunin Amurka aka sa waɗannan alamomi, ba su san kunyarmu ba, don haka idonku shi ne alƙali.

Yawancin finafinan da za a ambata a nan na Studio Ghibli ne, gidan zanen da Hayao Miyazaki da Isao Takahata da Toshio Suzuki suka kafa a 1985.

Na ƙananan yara

Ga 'yan shekara 5 zuwa 10, a fara da My Neighbor Totoro na 1988, minti 86. Babu mugu a cikinsa, babu faɗa. Yara mata biyu ne, Satsuki da ƙanwarta Mei mai shekara 4, suka koma ƙauye da mahaifinsu don su kusanci asibitin da mahaifiyarsu ke kwance. Kusa da gidan akwai wata ƙatuwar bishiya, a cikinta wata halitta mai gashi take zaune. Wurin da za ku sa wa ido shi ne inda ta ba yaran ƙunshin irin itace a cikin ganye. Suka shuka a bayan gida, Mei ta riƙa tsugunawa a bakin ƙasar kullum tana jiran tsiro. Da dare suka ga irin ya tashi ya zama bishiya har sama, da gari ya waye babu bishiyar, amma ga 'yan tsirrai sun huda ƙasa. Duk aikin da za a yi da yara bayan kallo daga nan yake tashi. Abu biyu ke buƙatar shiri: akwai ɗan gajeren wurin da uban ke wanka tare da 'ya'yansa a kwamin wanka kamar yadda Japanawa suka saba, a tsallake shi, akwai kuma inda suka rusuna wa bishiyar suna godiya, wanda za mu zo kan maganarsa.

Idan yaran ba sa jin Turanci ko kaɗan, fim mafi sauƙi ba na Japan ba ne. Flow, na ƙasar Latbiya, ya fito a 2024, ya ci kyautar Oscar a 2025, kuma babu kalma ɗaya ta mutum a cikinsa. Baƙar kyanwa ce ambaliya ta ci wurin zamanta, ta shiga kwalekwale da kare da wani dogon tsuntsu da wasu dabbobi. Bai kai awa ɗaya da rabi ba. Yaran Jama'are, Zaki ko Gamawa, da suka san abin da ruwa ke yi idan kogi ya cika ya batse, ba sa buƙatar mai fassara. Amma saboda wannan dalilin ne kuma ya kamata a yi hattara: in an san akwai yaron da gidansu ya rushe a ambaliyar da ba ta daɗe ba, a tambayi iyayensa tukuna.

Ponyo na 2008, minti 101, shi ma ƙanana suna sonsa. A farkonsa an nuna jirgin kamun kifi yana jan raga a ƙasan teku yana kwaso shara, har 'yar kifin da fim ɗin ke ɗauke da sunanta ta maƙale a kwalba. Daga nan labarin ya karkata kan ƙawance da sihiri, kuma ana yawan ambaton naman alade a matsayin abincin da take so. Ba shi ne na gaba a layi ba.

Wani kuskure da ake yawan yi: Grave of the Fireflies ya fito rana ɗaya da Totoro a 1988, daga gida ɗaya, shi ya sa masu tura finafinai ke haɗa su a jaka guda. Labarin yara biyu ne da yunwa ta kashe a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Fim ne mai daraja, amma kada a kuskura a sa wa ƙananan yara.

Na 'yan sakandare da manya

Nausicaä of the Valley of the Wind, 1984, minti 117, ya dace daga shekara 10 ko 11. Shekara 1,000 bayan yaƙi ya ƙone duniya, wani daji mai fitar da ƙurar guba yana ta cin ƙasar mutane, ba mai shigarsa sai da takunkumi. Manyan ƙwari da ake kira Ohmu ke gadinsa, idanunsu shuɗaye ne in suna cikin natsuwa, in an taɓa su sai su rikiɗe su yi ja. Manyan ƙasashe sun yanke cewa maganin dajin wuta ce. Yarinyar da fim ɗin ke ɗauke da sunanta kuwa tana da wani ɗaki a ɓoye a ƙarƙashin gidan sarauta, inda ta shuka tsirran dajin a yashi mai tsabta da ruwan rijiya mai zurfi, sai ga shi ba su fitar da guba ba. Ashe gubar a ƙasa take, mutane suka zuba ta, itatuwan tace ta suke yi. A tsayar da fim a wannan ɗakin a tambayi ɗalibai abin da ta gwada da abin da ta gano, darasin kimiyya ne cikakke. Miyazaki ya ce abin da ya faru a garin Minamata na Japan yana cikin abubuwan da suka sa shi wannan tunani: masana'anta ta yi shekaru tana zuba zaiba a teku, mutane suka ci kifin, aka gano cutar a 1956. Mu ma muna da namu misalin a gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. A duba tsawon fayil ɗin Nausicaä kafin a karɓa. Akwai wani tsohon bugu mai suna Warriors of the Wind da aka yanke wa fiye da minti 20 a Amurka, kuma bayanin dajin na cikin abin da aka zubar.

In fim ɗaya tak za a iya nunawa ga 'yan aji huɗu zuwa shida na sakandare ko ɗaliban jami'a, to ya zama Princess Mononoke na 1997. Ya ɗan haura awa biyu da minti goma. Dalilin fifita shi a kan sauran shi ne ya ƙi ba mai kallo mugun da zai tsana ya huta. Akwai gari a gefen dutse da ke narkar da tama. Kafin a sami ƙarfe sai an tone dutsen, sai an sare daji an yi gawayi. Shugabar garin, Eboshi, ita ke sa a yi saran, ita ke harbin dabbobin dajin da bindiga. Amma ita ce kuma ta fanso mata daga gidajen karuwai ta ba su aikin zugazugi, suna taka shi da ƙafa kwana huɗu a jere suna waƙa, suna ci suna ƙoshi. Ita ce ta tattaro kutaren da kowa ya guje wa, ta wanke musu miki, ta naɗe su, ta ba su sana'a. A ɗaya gefen ga San, yarinyar da kyarketai suka raina, wadda ba ta da burin da ya wuce kashe Eboshi. Tsakaninsu ga Ashitaka, saurayin da wani ƙaton aladen daji ya bar wa la'ana a hannu. Da aka duba gawar aladen, curin ƙarfe aka samu a cikinsa, harsashin garin nan ne ya haukatar da shi ya taho har ƙasar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba.

Duk wanda ya bi hanyar Alkaleri ko ta Ningi ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi ya san wannan rigimar ba ta Japan kaɗai ba ce. Mai gawayin ba azzalumi ba ne, kuɗin makaranta da na magani yake nema, matar da ke saye a gari kuma gas ya fi ƙarfinta. Dajin kuwa yana ƙarewa. Manomin da giwayen Yankari suka tattake masa gona a dare ɗaya yana da gaskiyarsa, mai gadin dajin ma yana da tasa. Kuma a cikin Yankarin kanta akwai ragowar tsoffin murahun narkar da tama, shaidar cewa kakanninmu ma sun yi irin sana'ar garin Eboshi. Fim ɗin da ya nuna mai sara a matsayin shaiɗan ba zai amfani yaron da ubansa ke sana'ar itace ba, kunya kawai zai sa shi a gaban 'yan ajinsu. Wannan kuwa yana barin kowa ya yi magana. Sharaɗinsa dai shekaru: kibiya tana cire hannu, tana cire kai, jini a fili, don haka ƙasa da shekara 13 a bar su a gida. Kuma a raba shi dare biyu, a tsaya wajen awa ɗaya, bayan Ashitaka ya fita daga garin da raunin harbi an kai shi tafkin cikin daji.

Pom Poko na Takahata, 1994, minti 119, ya fi kowanne kama da abin da ke faruwa a gefen garuruwanmu. Ya ginu ne kan abin da ya faru da gaske: daga shekarun 1960 aka fara baje tsaunukan Tama a yammacin Tokyo don gina sabuwar unguwa. Dabbobin wurin, tanuki, dangin kare masu baƙi a kewayen ido, suka haɗa kai su hana. Suka gwada ɓarna, suka gwada tsoratarwa da rikiɗa, suka rabu gida biyu tsakanin masu son yaƙi da masu son lallami, a ƙarshe aka ci su. Mutumin Gombe da ya ga yadda gonakin Tumfure suka koma filoti cikin 'yan shekaru zai gane labarin tun kafin a fassara. Matsalarsa ɗaya, babba ce kuwa: ana zana al'aurar mazan dabbobin a fili, har suna amfani da ita a wajen rikiɗa, kuma abin ya bazu a fim ɗin yadda tsallakewa ba za ta yiwu ba. Bai dace da taron da ya haɗa maza da mata ko iyaye da 'ya'ya ba. A bar shi ga manyan ɗalibai, a kuma faɗa musu tun kafin a kunna.

Spirited Away na 2001 shi ne mafi shahara, ya ci Oscar a 2003, amma ba lallai a nuna dukkan minti 125 ɗinsa ba. Wajen ƙarshen awa ta farko akwai yanki na kamar minti goma da ke tsayawa da ƙafarsa. Wata halitta mai ɗoyi, taɓo na zuba daga jikinta, ta shigo gidan wanka kowa na toshe hanci. Yarinyar da aka tura ta yi mata wanka ta lalubo wani abu kamar ƙaya a jikinta. Aka ɗaura igiya, ma'aikata duka suka ja, sai ga keke ya fito, bayansa tulin shara, ƙarafa, tarkacen gida. Ashe kogi ne mutane suka mayar juji. A nuna wannan yankin kaɗai ana gobe aikin gayyar yashe magudanar ruwa, kafin damina ta sauka.

Manya, musamman manoma da malaman gona, su nemi Only Yesterday na 1991. Ma'aikaciyar ofis ce 'yar shekara 27 ta bar Tokyo ta je Yamagata tsinkar wani fure mai ƙaya da ake rini da shi, ta haɗu da saurayin da ya koma noma da takin gargajiya. Tafiyarsa a hankali take, yara za su gaji, kuma akwai maganar al'adar mata a ciki. Weathering with You na Makoto Shinkai, 2019, matasa za su roƙa saboda kyan zanensa da ruwan saman da ya nutsar da Tokyo, amma soyayya ta fi yawa a cikinsa, ga bindiga, maganar yanayi kuma ba ta yi zurfi ba. Ga ɗaliban da ke koyon Larabci akwai wata dama ta daban: Future Boy Conan na Miyazaki, 1978, kashi 26, an juya shi zuwa Larabcin fusha da sunan Adnan wa Lina, kowane kashi bai kai rabin awa ba.

Sai guda ɗaya daga Kanada da bai kamata a bari ba, The Man Who Planted Trees na Frédéric Back, 1987, minti 30 kacal. Makiyayi ne a busasshiyar ƙasa a kudancin Faransa, kowane dare yana zaɓen iri 100 masu kyau, da safe ya huda ƙasa da sandar ƙarfe ya binne. A shekara uku ya shuka 100,000, guda 20,000 suka fito, yana sa ran rabinsu su rayu. A gaya wa masu kallo gaskiya cewa marubucin, Jean Giono, ƙirƙirar mutumin ya yi. Na gasken yana kusa da mu: Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya mayar da faƙo daji ta hanyar tona ramuka yana zuba taki, ya rasu a 2023.

Maganar iskoki

Wannan ita ce tambayar da iyaye za su fara yi, kuma suna da haƙƙin yin ta. A addinin gargajiyar Japan, Shinto, ana ɗaukar cewa bishiya da kogi da dutse suna da mazauna, kuma hakan ya cika finafinan nan. Kada a ɓoye. Kafin a kunna, babba ya tashi ya yi bayanin minti biyu: wannan tatsuniyar wasu mutane ce masu al'adarsu, mu ba ma rusuna wa itace, abin da za mu ɗauka shi ne kula da amanar da Allah ya ba mu a ƙasa. Mai fassara kuma ya kiyaye harshensa. Inda fassarar Turanci ta kira waɗannan halittu alloli, ya ce iskar daji ko dodon kogi, kamar yadda tatsuniyoyinmu ke faɗa. Yaron da ya tashi da labarin Gizo da Ƙoƙi da Dodo ya san inda ake ajiye irin wannan. Idan kuma liman ko shugaban makaranta ya kalla ya ce bai gamsu ba, a koma kan Flow ko fim ɗin mai dashen itace, ba a rasa komai ba.

Kayan aiki da inda suke ba da matsala

Netflix ya fara nuna finafinan Ghibli guda 21 a 2020 a ƙasashen da suka haɗa da Najeriya, da zaɓin murya da rubutun fassara. Kallo kai tsaye yana cin kamar gigabait 1 a awa a matsakaicin hoto, har 3 a mai kyau sosai, don haka a sauke fim tun da rana. Asusun na kallon gida ne. Wanda zai karɓi kuɗin ƙofa kamar gidan kallon ƙwallo yana buƙatar izinin masu fim.

Ga iyali ko mutum goma sha biyar, talabijin mai inci 32 zuwa 43 ta isa. In sun haura haka sai majigi. A nan ake cutar mutane: ƙananan majigin kasuwa ana rubuta musu lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske, dubu bakwai ko dubu tara a kwali, lambar talla ce kawai. A nemi lambar da aka rubuta ANSI a gefenta, ita ce ta ma'aunin da aka amince da shi. Daga 300 zuwa 500 na ANSI ya isa a waje bayan duhu ya yi. A aji da rana kuwa sai irin na ofis mai kusan 3,000, a kuma toshe tagogi da barguna. Hoto mai inci 100 faɗinsa santimita 221 ne, tsayinsa 125. Yadi biyu da rabi na farin yadi mai faɗin inci 60 ya wadatar. A goge shi, a ɗaure kusurwa huɗu ya miƙe tsaf a jikin bango, domin in an rataye shi a fili iska za ta riƙa kaɗa hoton, hasken kuma ya zube ta baya. Yawancin majigi suna cika wannan faɗin daga nisan mita uku ko kusa da haka. A ɗora shi kan tebur yana fuskantar tsakiyar yadin, in ya karkace gefe ɗaya na hoton zai dushe kuma rubutun ƙasa ba zai karantu ba.

Lissafin wuta mai sauƙi ne. Ƙaramin majigi yana cin wat 60 zuwa 100, lasifika kamar 30, laftof kamar 50 in yana caji. Batirin sola mai 12V da 100Ah yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya, amma irin mai ruwa rabinsa kawai ake ja in ana son ya yi ƙarko, ga abin da inbata ke ci. Ke nan kusan awa uku, ya isa kowane fim a nan. Babban majigi mai ƙwan fitila yana cin 250 zuwa 300, shi sai janareta. A kai janaretan nisan mita 15 ko fiye, a fili, ta inda iska ba za ta kawo hayaƙin kan mutane ba. Kada a taɓa sa shi a ɗaki ko zaure don rage ƙara, hayaƙinsa yana kisa ba a ji warinsa ba. Mai ƙwan fitila kuma ba a zare masa waya da an gama, a kashe da maɓalli a bar fankarsa ta tsaya da kanta, in ba haka ba ƙwan zai mutu da wuri. Lokacin hunturu a riƙa kakkaɓe matatar iskarsa, ƙura ce ke sa ya yi zafi ya ɗauke ana tsakiyar kallo.

Matsalolin da suka fi ɓata taro kaɗan ne, kuma duk ana gano su in an yi gwaji kwana ɗaya kafin ranar. Idan aka haɗa waya da majigi ba da igiya ba aka buɗe Netflix, sau da yawa murya za ta fito allo ya yi baƙi, kariyar haƙƙin mallaka ce, maganinta laftof da wayar HDMI. Idan filash aka soka wa majigi kai tsaye hoto ya fito babu murya, to muryar nau'in AC3 ce ko DTS da ƙananan majigi ba sa karantawa. In kuma fim ɗin ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, galibi fayil ɗin nau'in x265 ne. Duka biyun laftof mai VLC, manhajar kunna fim, yana warware su. Filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya haura gigabait 4. Rubutun fassara in daban yake, ya kasance sunansa ɗaya da na fim kuma a jaka ɗaya. A cikin VLC, harafin B yana sauya murya tsakanin Japananci da Turanci, V yana sauya rubutu, G da H suna matsar da rubutun gaba ko baya in ya saɓa da magana, J da K suna yi wa murya haka. Lasifikar Bluetooth tana jinkirta murya har baki ya riga magana, a haɗa da igiya. Lasifikar cikin majigi kuwa ba ta wuce layin gaba.

Fassara da lokaci

Yaro ƙasa da shekara 12 ba ya iya bin rubutun Turanci da saurin da yake wucewa. A sa muryar Turanci, a bar rubutun a kunne don mai fassara, shi kuma ya zauna kusa da laftof da makirfo. Mutanenmu sun saba da fassarar finafinan Indiya inda murya ɗaya ke bin kowace jimla har da ƙarin barkwanci. A nan hakan ɓarna ce, domin finafinan Miyazaki suna da wurare masu tsawo da ba a magana, iska ce kawai da ruwa da kiɗa, kuma da gangan aka bar su. Abin da ya fi aiki shi ne a tsayar da fim duk bayan minti 15 ko 20, a faɗi abin da ya faru cikin jimla huɗu ko biyar, a ci gaba. Wannan yana ƙara kamar minti 15 a kan tsawon fim, a sa shi a lissafi.

Tsakanin idar da Magariba da kiran Isha'i fim ɗin minti 30 ne kawai zai shiga. Sauran sai bayan Isha'i, kuma in da yara a tashi kafin goma. A sanar da mai unguwa, a shimfiɗa wa mata tabarminsu a gefe guda da hanyar fitarsu, ƙanana a gaba amma mita uku daga yadin, a bar fitila ɗaya a baya, a binne wayoyin wuta ƙarƙashin tabarma inda ba a takawa. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ne lokacin kallon waje, da damina a koma aji.

Bayan an kashe majigi

Kada a rufe da lacca, yara sun gaji kuma fim ɗin ya riga ya yi maganarsa. Tambaya biyu ko uku sun isa, kuma su kasance kan garinku. Bayan Mononoke: da kai ne Eboshi, mutum ɗari suna ci daga hannunka, me za ka yi? A gidanku da me ake girki, daga ina yake zuwa? Bayan yankin kogin nan na Spirited Away: ina ledar unguwarmu take zuwa in an yi ruwa, kuma me ya haɗa toshewar kwalbati da kwarin zaizayar ƙasa da ke cin gidaje a cikin Gombe? A bar wanda ubansa ke sayar da itace ya yi magana ba tare da an yi masa dariya ba.

Yaran da suka kalli Totoro kuma a ba su iri washegari tun abin yana ransu. A tara ledojin fiya wata, a yanke bakinsu, a huda ƙasansu wuri uku ko huɗu. A cika da ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro. Zogale ya fi dacewa da haƙurin yara, yana fitowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, a binne shi zurfin gaɓar yatsa. Irin darbejiya sai sabo, in ya yi 'yan makonni a ajiye ba ya tsirowa. Na kuka da kalwar ɗorawa ɓawonsu tauri gare shi, a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki kafin a shuka. A fara rainon a Afrilu ko Mayu a inuwa, a dasa a Yuni ko Yuli bayan ruwa ya zauna, a rami mai zurfi da faɗin kamu biyu, a yage ledar kafin a binne. Abin da ke kashe yawancin dashen makarantu akuya ce da ranin farko, musamman in an tafi hutu. Don haka kowace bishiya a kewaye ta da ƙaya ko tsohon kwando tun ranar dashe, a rubuta sunan yaron da ke kusa da makarantar da zai riƙa ba ta rabin bokiti sau biyu a mako daga Nuwamba har ruwa ya dawo, kuma kada a dasa fiye da adadin da ake da masu ba su ruwa.